Kunnen Akuyar Bilkisu

Mama Saratu tana zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, a wani lungu bayan shagunan masu gyaran waya, cikin gidan haya mai ɗakuna a jere. Nata ne na ƙarshe, dab da rijiya, kuma a ƙofarsa take aiki, a kan kujerar roba, da kwandon ulu a gefen ƙafarta. Sana'arta saƙa dabbobin wasan yara da kwarashi: zomo, kunkuru, kyanwa, akuya, jimina. Babu wadda girmanta ya wuce a riƙe ta da hannu ɗaya.

'Yar Zonkwa ce. Ta zo Kano tana amarya tare da mijinta, ma'aikacin gidan waya. A zumuntar mata ta cocinsu ta koyi saƙa, ta yi shekaru tana yin hula da safar jarirai, har gwanjo ya cika kasuwa aka daina nema. Sai ta koma dabbobi. Mijin ya daɗe da rasuwa. Ɗanta Emmanuel yana Jos, kullum yana kira ta tattara ta komo wurinsa, kullum tana ce masa sai ta gama abin da ke hannunta. Ban taɓa ganin hannun nan babu komai ba.

Tana da ƙa'idojinta, ba ta kuma sauya su don kowa. Ba ta saƙa dabbar da ba ta taɓa gani da idonta ba. Kafin ta yi jimina sai da ta je gidan zu ta tsaya tana kallon yadda take ɗaga wuya. Wata mata ta taɓa nuna mata hoton wani tsuntsun ƙasar ƙanƙara a waya, ta ce a yi wa ɗanta. Mama Saratu ta daɗe tana dubawa, sannan ta mayar mata da wayar ta ce, "Ban san tafiyarsa ba. Ki karɓi agwagwa." Ba ta sa maɓalli a ido, don yara na haɗiyewa, da baƙin zare take ɗinka shi. Wanda ya ce a gidansu ba a son a yi wa abin ido, sai ta bar fuskar haka nan, ba ta tambayar dalili.

Babbar ƙa'idar ita ce ta abin cusawa. Ba ta cusa auduga ko soso. Duk uwar da ta zo, sai ta koma gida ta kawo tsohon zanen da ta goya yaron da shi. Mama Saratu za ta yayyanka shi ƙanana, ta cika cikin dabbar da shi, ta ɗinke. Ta ce yaro ya san zanen uwarsa ko a duhu, kuma dabbar da aka cika da shi ba ta kwana a ƙasan gado.

Ni malamar sakandare ce a Tarauni, a can kuma gidanmu yake. Wata abokiyar aikina ce ta kwatanta mini ita, lokacin 'yata Bilkisu tana shekara huɗu. Bilkisu tana da sikila. Ita ta zaɓi akuya, ruwan ƙasa, mai farin goshi, na kai wani zanen atamfa shuɗi da na goya ta da shi. Duk kwanciyar asibitin da muka yi da akuyar muka yi. Idan ciwon ya tashi ba ta cika kuka ba, sai ta sa kunnen akuyar na hagu a baki ta ciza har ya lafa. Kunnen ya daskare ya yi tauri, ya fi ɗan'uwansa tsawo da duhu. Allah ya karɓi Bilkisu tana shekara bakwai. Ƙaninta Abdulmalik yana goye a lokacin.

Tufafinta na rabar, littattafanta na kai makarantarsu. Akuyar na ajiye a ƙasan durowa. Da Abdulmalik ya fara buɗe-buɗe sai ya gano ta, ya rungume, ya sa mata suna Akuyar Yaya. Ban iya karɓewa ba. Da ita yake cin abinci, da ita yake barci, kuma da kunnen nan na hagu yake jan ta duk inda za shi. Da ya kai shekara huɗu, kunnen ya koma yana reto a kan 'yan zaruruwa, ɗinkin ciki ya buɗe. Idan ina shara sai in riƙa tsintar guntayen shuɗin zane a tsakar gida, ina tarawa a gefen gyalena. Na ga idan aka ci gaba haka, kafin damina ta wuce babu abin da zai rage, kunnen kuma wata rana zai faɗi a kwata ko a hanyar makaranta, ba wanda zai sani. Shi kaɗai ne abin da ya rage mini mai alamar bakinta.

Wata Asabar na hau adaidaita sahu na tafi Gyaɗi-Gyaɗi ni kaɗai.

"Maman Bilkisu! Yau kin tuna da mu?"

Kowa ya koma kirana Maman Abdul, wasu don tausayi, wasu don mantuwa. Ita ba ta sauya ba, ni kuma ban taɓa so ta sauya ba.

Na gaya mata abin da ke tafe da ni: ta saƙa wata akuyar sak irin waccan, in ba yaron, in ɓoye ta Bilkisu. Na ma taho da zanen goyonsa, wani kore mai zanen ganye. Ta karɓa ta shinshina, ta ninke.

"Zan yi," in ji ta. "Amma angon nan nawa ba wawa ba ne."

Ta yi aikin da kyau. Launin ulun bai bambanta ba, farin goshin yana inda yake, har kunnen hagu ta ƙara masa tsawo. Na kai gida na musanya su yana makaranta. Da ya dawo ya ɗauke ta, ya jujjuya, ya kai hanci, ya ajiye ta a kan kujera a hankali kamar kayan baƙo.

"Umma, wannan ba ta san ni ba. Ina Akuyar Yaya?"

Na ce ta tafi hutawa. Bai yi rigima ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai dai ya riƙa bin ɗakuna yana leƙa ƙasan gado da bayan buhun shinkafa, abinci ma sai an lallaɓa. Babansa ya zuba mana ido kwana biyu, sannan ya ce, "Ki ba shi abarsa, Allah ya ba mu haƙuri." Na fito da ita na ba shi. Asabar ta gaba na kwashi yaron da akuyoyin biyu muka koma.

Mun tarar da ita tana saƙa bayan kunkuru, rediyo na yi a taga.

"A'a, ga angona! Ka zo da kuɗin cefane ko yau ma da yunwa zan kwana?"

"Ni ba na auren tsohuwa," in ji Abdulmalik, yana ɓuya a bayana.

"Ka ji shi! Wa zai karɓe ka da wannan ƙaton kan in ba ni ba? Kawo matar taka in gani, wadda ka fi so da ni."

Ya miƙa mata akuyar, amma bai saki ƙafar baya ba. Ta sa tabarau ta duba cikin, ta duba kunnen, ta murza shi tsakanin yatsunta.

"Sau biyu Bilkisu ta kawo mini ita gyara," ta ce da ni. "Ta ce in taɓa ko'ina ban da nan. Har hannu ta sa ta rufe." Ta yi 'yar dariya, ta cire tabarau ta goge da bakin zane. "To, Maman Bilkisu, in tambaye ki. A jikin akuyar nan, me kike so ki ajiye? Dukanta?"

Ban taɓa raba abin haka a raina ba. Na dubi ƙafafun da suka sha ƙasar tsakar gidanmu, da tabon miyar da Abdulmalik ya yi mata a wuya, da wutsiyar da shi ya tsinke. Rabin abin da ke jikinta yanzu nasa ne.

"Kunnen," na ce.

"Kunne daban nake saƙa shi, in ɗinka a kai. Zare ɗaya ke riƙe da shi. In aka cire zaren zai fito lafiyarsa, ba abin da zai warware." Ta juya wurin yaron. "Amma sai mai akuya ya yarda. Ango, kunnen nan ya gaji. Yayarka ta yi aiki da shi, kai ma ka yi. Mu ba Umma ta ajiye mata, in yi maka sabo?"

Ya dubi akuyar. "Za ta ji zafi?"

"Kaɗan. Kai za ka riƙe ta."

"To ja nake so."

"Ja? A ina ka taɓa ganin akuya mai jan kunne?"

"A gidanmu."

"Ni dai ban taɓa gani ba," in ji ta, tana laluben kwandon, "amma tunda maigida ya ce." Ta ciro wani ƙullin jan ulu, ragowar tukkun zakaran da ta yi wa wani.

Ƙaramin almakashinta ta miƙo mini, ta nuna wurin da bakin kwarashi. Abdulmalik ya rungume akuyar ya rufe mata ido da hannu. Na datse zaren, na ja, kunnen ya faɗo a tafina. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na rufe hannuna, Mama Saratu kuma ta ƙara muryar rediyo ta shiga tambayar yaron sunayen 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya, har na gama abin da zan yi da fuskata.

Kafin la'asar ta saƙa jan kunnen ta ɗinka. Da ta zo kan cikin, sai ta ga ya rame, rabin zanen ya zube. Na kwance gefen gyalena na ba ta guntayen da na tsinta, ta mayar, duk da haka bai cika ba. Sai ta ɗauki sabuwar akuyar da aka ƙi, ta farke ɗinkinta, ta zaro koren zanen Abdulmalik, ta cusa shi a kan shuɗin har cikin ya yi tam. Ta ɗinke da zare biyu.

Ya karɓa, ya shinshina, ya ja sabon kunnen ya ga bai tsinke ba. Ya sa ta a hammata ya nufi rijiya kallon masu ɗiban ruwa.

"Ko na gode babu? Haka mazan Kano suke," in ji Mama Saratu. Ta ninke fatar sabuwar akuyar ta jefa a kwando, ta ce wani zanen zai zo.

Kunnen yana cikin ƙaramin gwangwanin da nake ajiye 'yan kunnena na aure. Akuyar tana nan tana shan wahala a hannun mai ita, an kai ta gyara sau ɗaya tun daga lokacin, wannan karon ƙafa ce. Ranar da na je karɓowa na tarar Emmanuel ya kira, ta maƙale wayar a kafaɗa, hannuwanta na kan wuyan wata jimina.

"Na ji, na ji, zan zo. Bari in gama wannan tukuna." Ta ɗaga kai ta gan ni, ta tura mini kujera da ƙafa. "Maman Bilkisu, zauna. Ina angona?"