Gora mai farin ƙyalle

Jiya ina share zaure na tarar da gorar Kawu, farin ƙyallen nan yana ɗaure a bakinta, ya yi baƙi. Sai warin dagwalo ya dawo mini hanci.

Kawu ne ke kula da kwami uku, wato ramukan tara ruwa, da ke bayan unguwarmu a Mafara. Nan ruwan kwata ke taruwa, ƙazantar ta kwanta a ƙasa, sannan a saki na saman ya gangara wajen masu lambu. Kullum da hantsi yakan tsoma sandar gorar, ya zaro, ya duba inda laka ta kai. "Bari shi kwanta," haka yake cewa. "Ruwa bai son gaggawa."

Wata damina ya tafi jinya Bakura, ya bar mini aikin. Maƙwabta suka dame ni da ƙorafin wari, ni kuwa na buɗe ƙofar ruwan tun bai kwanta ba. Kafin mako ya zagayo, amai da gudawa ya ɗauke yara biyu a gangare, inda mata ke wanke latas.

Da ya dawo bai yi mini faɗa ba. Ya ja ni zaman makoki, ya zaunar da ni kusa da uban yaran. A hanyar gida ya ce, "Ɗana, wari dai ba shi kisa."

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu. Ni kuma Ya yafe mini gaggawata.