Wanda na sallama ne ya zo karɓar haraji

Jiya ina tsugune bayan buhunan masara a injin niƙana, inda nake ɓuya duk ranar da masu haraji suka shigo kasuwar Birnin Gwari, sai na ji an ce, "Fito, Kawu, na san wurin."

Sale ne, tsohon ma'aikacina, wanda kullum yake ce musu ba na nan. Haraji ne ya yi mini yawa na sallame shi. Ga shi yanzu cikin rigarsu.

Na ce, "Haba Sale, har ni?"

Ya ce, "Gwamnati ce ta samar mana da aiki, Kawu. Albashinmu daga wurinku zai fito."

Wato har yanzu ni ke biyansa, niƙan kawai ya daina. Jama'a, wannan sallama na yi masa ko ƙarin girma?