Masara da Wake a Hular Alhaji

Shekara biyu ina neman ƙungiyarmu ta Hausawa da ke taruwa a Lanham ta buɗe wa yara ajin Hausa ran Asabar. 'Yata ta kai sha uku, in na ce mata sannu sai ta amsa da Turanci, abin yana ci min rai. Amma duk sanda aka ce a ɗaga hannu, sai kowa ya saci kallon Alhaji, dattijon da ya riga mu zuwa ƙasar nan. Shi kuwa ba ya ɗagawa, carbinsa kawai yake ja. Wa zai riga babba? Sai a shafa fatiha a watse.

Wata rana ina tsince wake a gidanmu na Bowie, yarinyar tana bitar darasin tarihi da ƙarfi. Labarin Furitanawa ne, wasu Kiristoci masu tsananin riƙo da addini da suka tsallako teku daga Ingila. Wai su suke zaɓen limaminsu da kansu, kuma tarukan gari na ƙasar nan da tushe a wurinsu. Har da ƙwayar hatsi sun yi zaɓe, masara na nufin e, wake a'a.

Na ce, "Maimaita min wannan na waken." Abin nema ya samu.

Ran taro na rusuna na ce, "Baba Alhaji, a ara mana hula." Ya tuɓe yana murmushi. Na raba wa kowa masara ɗaya, wake ɗaya. Likitoci da injiniyoyi suka bi layi, kowa ya dunƙule hannu kamar mai satar gyaɗa. Mijina har cewa ya yi na mayar da taron manya wasan yara.

Aka juye hular a faranti. Masara ce zalla, ko wake ɗaya babu! Ban san sanda na rangaɗa guɗa ba, ni da ko a biki ba na yi.

Alhaji ya daɗe yana kallon farantin, sannan ya yi dariya har da hawaye.

Ya ce, "Ashe ni kuke jira? Ni kuma na ƙi ɗagawa ne don kada a ce na tilasta muku. 'Yata, a fara Asabar ɗin nan. Jikokina huɗu, ba wanda ya iya ce min ina kwana."