Kiɗan da Ba a Yi a Gidanmu

A gidanmu na Zaitawa ba a kiɗan ƙwarya, ko da biki ne. Kakata 'yar bori ce kafin ta tuba, kuma tsofaffi sun ce iska ba ta bin mai ita kabari. Jini take bi, ta yi ta jiran ranar da za a kaɗa mata takenta. Na koyar da tarihi har na yi furfura, ina gaya wa ɗalibai wannan camfi ne. Sai dai ban taɓa gwadawa ba.

Bara wasu samari 'yan jami'a suka zo makarantar 'yan matan da nake koyarwa, da wani tabarau mai kama da akwati. In ka ɗaura shi, sai ka tsinci kanka a tsakiyar fili, masu rawa sun kewaye ka. Wai don yara su san al'adarsu. Aka fara da koroso, yara na ta shewa. Can layi ya zo kan jikata, 'yar aji biyu.

Abin da take gani yana fitowa a bango. Mata ne zaune, ƙore a kife gabansu. Suka fara kaɗawa. Na san taken nan. Kakata takan buga shi da yatsu a kan tabarma in ta shagala, sai ta zabura ta yi istigfari.

Na ce, "Samari, wannan fa a ina kuka ɗauko?"

"A wani ƙauye, Malama. Kada ki damu, hoto ne kawai."

To, matan hoto ne. Kiɗan kuwa a kunnenta yake. Yarinya ta fara jujjuya kai, kafaɗunta suna karkarwa. Na miƙa hannu zan fizge tabarau, sai na tuna an ce ba a katse wanda iska ta hau. Na tsaya ina karanta Ayatul Kursiyyu, ina sarƙewa a ayar da na haddace tun ban yi wayo ba.

Kiɗa ya tsaya. Ta cire tabarau, ta dube ni, ta yi atishawa. A bori, da atishawa iska take sauka.

"Hajiya, lafiya? Ji idonki, sai ka ce ke kika yi rawar!"

"Me kika ji a jikinki?"

"Ba komai. Turaren wata ne ya kama soson da ke jikin tabarau." Ta murza hanci. "Amma kiɗan da daɗi. A ina ma na san shi?"

Na ce ta ɗauko jakarta mu tafi gida, ko da yake ba a tashi ba.