Duwatsun da Ɗangana Ya Jera a Gungu

Duk wanda ya san bakin ruwan Yelwa ya san Ɗangana, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mai jirgin injin nan mai shuɗin goshi, wanda ba ya iya zama ya jira jirgi ya cika, sai ya hau ya sauka, ya sake hawa, yana kiran fasinja kamar gobara ta tashi. Shekarunsa arba'in da huɗu, sana'arsa ta biyar ke nan. Ya yi noman albasa, ya yi su, ya yi dillancin bandar kifi, ya buɗe shagon cajin waya ya rufe tun fentin ƙofar bai gama bushewa ba. Matarsa Rahama takan ce da ana ɗaura masa guga a ƙafa, da kai-komonsa kaɗai ya cika randunan unguwa.

Mahaifiyarsa, Inna Dudu, a gungu aka haife ta, tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, tun kafin a datse kogin a Kainji ruwa ya haɗiye garuruwan Gungawa. Tana budurwa aka kwashe su zuwa tudu. Mahaifinta ya riga ya rasu, can aka baro shi. Ba ta sake taka wurin ba, ko da yake a shekarar da ruwa ya ja baya sosai, daga bazara zuwa farkon damina, gungun yakan leƙo kamar bayan dorina.

Bana ruwan ya ja fiye da yadda aka saba. A irin wannan lokaci ne Malam Enoch, wani malamin sakandare da yakan shiga jirgin Ɗangana ranar kasuwa, ya nuna masa bidiyo a waya. Wani tsibiri ne can ƙasashen gabas, da tsofaffin wuraren ibadar mabiya Buddha, ga ƙaton mutum-mutumi an sassaƙa shi kwance a jikin dutse, baƙi sun yi layi har ido bai ga ƙarshensu ba.

"Malam, waɗanga duka kallon dutse ya kawo su?"

"Kallon tarihi dai, direba."

"To mu namu tarihin yana nan tsakiyar ruwa yana sharar barci. Wa ya tashe shi?"

Malam Enoch ya yi dariya ya ce in har akwai abin gani, zai kawo abokan aikinsa ranar Asabar. Maganar wasa ya yi. Bai san wanda ya yi wa ba.

Washegari Ɗangana ya bar fasinja suna zaginsa ya nufi gungu. Ya tarar da kututturen wata tsohuwar kuka, da fasassun tukwane, da dutsen niƙa wanda tsakiyarsa ta lotsa, ga belbelu fari fat a bakin gaɓa. Sai dai taɓo har gwiwa. Ya tuna malamai da takalmansu masu sheƙi, ya ce wannan ba za ta yiwu ba. Gabas da kukar kuwa ga duwatsu nan birjik cikin laka. Ya tuɓe riga ya shiga ɗauka. Ya jera su tun daga inda jirgi ke tsayawa har gindin kukar, guda ɗari biyu da sittin da ɗaya, ya shafe su da farar ƙasa. Ya tsaya ya dubi hanyarsa, ya ji kamar ya gina gada.

Abu ɗaya ya rage. Bai san abin da zai gaya wa baƙi ba, don shi ɗan tudu ne, gungu a bakin Inna kawai ya san shi.

"Ni ba ni zuwa a yi kallona kamar biri," in ji ta, tana tsince shinkafa a faifai.

"Haba Inna, malamai ne fa, masu boko."

"Ko limamai ne." Ta ajiye faifan. "Amma za ni. Ba don baƙinka ba. Ƙafafuna sun fara yi mini gardama, in ban gai da Baba bana ba, ban san baɗi ba. Na san kushewarsa. Baƙin dutse ne a kansa, mai tsaga a tsakiya, yayana ya ɗauko shi."

Ɗangana ya ce to madalla, amma hankalinsa yana kan man injin da zai saya.

Ranar Asabar malamai bakwai suka zo, har da masu lema. Hadari yana haɗowa daga gabas, masunta kuma suna cewa ruwa ya fara dawowa. Inna ta zauna a goshin jirgi har suka isa. Ɗangana ya kama hannunta ya ɗora ta kan farar hanyarsa, yana satar kallon malamai ko za su yaba. Suka yaba kuwa.

A gindin kuka Inna ta juya gabas. Ba kowa ba komai sai laka, da ramuka cike da ruwa.

"Ɗangana, ina duwatsun wanga wuri?"

"Ga su nan kina kansu, Inna. Ni na gyara."

Ta dubi ƙafafunta. Ta sauka daga kan dutsen a hankali, ta tsaya cikin taɓo da zaninta.

"Kai, gungu ba ya haihuwar dutse," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Yashi ne da laka. Duk dutsen da ka gani nan, wani ya ɗauko shi a jirgi daga tudu. Ko na murhu, ko na kan mamaci. Makabartarmu ka kwashe ka yi wa baƙi hanya."

Malam Enoch ne ya fara tsallakewa cikin laka, sauran suka bi shi, ba wanda ya kula da takalminsa. Ɗangana ya ruga ya sunkuci dutse biyu ya nufi ramukan.

"Ajiye!" Inna ta daka masa tsawa. "Za ka sa na kan wani a ƙafar wani? Garajen da ya kawo mu nan, shi za ka ƙara? Nemo mini baƙin tukuna."

Duwatsun duka farare ne yanzu. Suka durƙusa, shi da malamai, suna ɗebo ruwa da hannu suna wanke farar ƙasa dutse bayan dutse, iska tana kaɗa lemominsu da suka yasar. Can kusa da bakin ruwa wata malama ta ɗaga murya, ta samu baƙi mai tsaga. Ɗangana ya rungumo shi a ƙirji, ya bi ramukan yana gwadawa, wannan ya yi faɗi, wancan ya yi zurfi. A ƙarshe ramuka biyu suka karɓe shi daidai, kusa da juna, ba yadda za a bambanta.

"Inna, wanne?"

Ta dubi na dama, ta dubi na hagu. Yayyafi ya fara sauka.

"Ɗaya Baba ne, ɗaya Bappa mai saƙar koma, maƙwabcinmu. Kusa da juna aka sa su." Ta share fuska da gefen mayafi. "Aje shi tsakani. Suna raye ma tabarma ɗaya suke zama."

Ya ajiye shi tsakani. Inna ta durƙusa a laka ta ɗaga hannu, ta yi wa mahaifinta addu'a, ta yi wa Bappa, sannan ta shiga kiran sunayen sauran da take tunawa, tana juya fuska ko'ina, tunda yanzu ba ta san inda kowa yake ba. Ɗangana bai iya tsayawa ya ji ƙarshen addu'ar ba. Ruwa ya riga ya taɓa dutsen farko na hanyarsa, sai ya koma bakin gaɓa da gudu, ya fara kwaso na ƙasa-ƙasa yana kaiwa gindin kuka.