Ai Za a Rushe

Yayanmu babba amsa ɗaya gare shi ga duk abin da ya lalace a gidanmu na Zongo: "Ai za a rushe." Tun shekarar da katafilar gwamnati ta ci rabin unguwar Kuluba ta tsaya dab da layinmu, ya rantse ba zai ƙara buga ƙusa a gidan da za a share ba. A gidanmu kuwa ba a tsallake maganar babba, ko da babban kwabo ne.

Ɗakin Inna, mahaifiyarmu, shi ne mafi tsufa. A cikinsa aka kawo ta amarya, a cikinsa ta haife mu duka, burinta ɗaya a duniya daga nan a ɗauki gawarta. Ni da nake kai mata abincin rana, ni na fara ganin alamun. Tsatsa ta zagaye kawunan ƙusoshi. Da tsakar rana idan ka ɗaga kai sai ka ga haske na tsiyayowa ta kwanon rufi kamar rariya. Kullum da safe Inna na kakkaɓe garin katako daga kan buzunta, gara ce ke cin katakon da ke riƙe da rufin ta ciki. Katakon tsakiya ma ya yi ciki.

Na gaya wa Yaya. Ya aiko da tsohuwar taya da duwatsu aka danne kwanon. Na ce to ni zan kira kafinta. Ya zaro ido.

"Ke! So kike a ce na kasa? Furojen rushe unguwa na tahe, an gama magana a meri wurin magajin gari. Ki sa ido kawai."

Na sa ido. Abin da na gani shi ne kowace shekara sai ya shafe gaban zaure da sabon fenti, wai masu awon diyya daga waje suke duba gida. Shuɗi bana, kore baɗi. Ya tsaya a bakin titi cikin shaddarsa yana gyara hula, yana kallon bangon kamar shi ya gina Makka. Kyan ɗan maciji ke nan. Wallahi har yau idan na ji warin fenti raina ɓaci yake.

Inna ba ta taɓa kai ƙara ba. Dabararta ita ce tura gado. Duk damina in ɗigo ya same ta, sai ta ce mu matsa mata kaɗan, ta ajiye roba a inda ta tashi. Gadon ya bar bangon gabas, ya ratsa tsakiya, robobi na bin sa a baya, har ya zo bakin ƙofa.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar hadari ya taso. Allah ya sa tana tsakar gida tana kwashe shanya. Muka ji ƙara, katakon tsakiya ya karye, rufin ya zauna a kan komai nata.

Yaya ya zo da lema. Ya leƙa, ya girgiza kai.

"Kun gani ko? Da mun gyara da an yi asara."

A daren aka kwashe Inna zuwa gidansa can bayan gari, inda ba ta san kowa ba, ba ta jin kiran sallar masallacinmu. Daga can aka ɗauki gawarta.

Katafila har yau ba ta zo ba. Bara fentin ruwan ƙwai ya shafa.