Masta Sualihu, Wanda Ya Kai Agogon Mota Kan Gilashi

Duk mai sammako a tashar motar Yendi ya san Masta Sualihu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn dattijon nan mai hular saƙa, wanda da an idar da sallar asuba zai biyo ta wajen mai koko da kofinsa na gida, ya ƙi ƙosai in ya huce, sannan ya wuce rumfarsa da ke gindin dalbejiya a bayan masu faci. Zai share wurin tas, ya jera wayoyinsa launi-launi a kan ƙusoshi, ya jona ƙarfen dalma ya bar shi ya yi zafi. Wayarin mota ne sana'arsa tun yana saurayi. A wannan watan ya ce ya gaji, zai miƙa rumfar ga waɗanda ya koyar, shi ya sa ya kamata a faɗi wani abu a kansa tun yana ji da kunnensa.

Yana da wata ɗabi'a da direbobi suka daɗe suna yi masa tsiya a kai. In ka kawo masa mota, ba ya fara buɗe gabanta kamar sauran masu gyara. Sai ya karɓi makulli, ya hau kujerar direba, ya ɗora hannu a kan sitiyari, ya yi shiru kamar mai jiran fasinja. Matasan direbobi sukan ce, “Masta, tuƙi za ka koya ne a wannan shekaru?” Shi kuwa sai ya ce mota ba ta ciwo ita kaɗai, kuma wanda bai zauna inda direba ke zama ba rabin ciwon zai gani. An ɗauka maganar tsufa ce, har ranar da aka jawo motar Hajiya Karimatu.

Hajiya Karimatu ’yar kasuwa ce a Bawku. Albasa take lodi zuwa kudu, motar ta dawo mata da doya daga Salaga da Kpandai. Direbanta Sidiku, mutumin Salaga, gajere mai faɗin kafaɗa, ya tsufa a kan wannan hanya, kuma bai taɓa ko buge akuya ba. Amma a wannan tafiyar, a hawan dutsen Nakpanduri da mota cike da albasa, injin ya yi zafi har ya ƙone. Albasa ta yi kwanaki a rana ta lalace. Bayan makaniki ya gama haɗa injin, Hajiya ta zo Yendi da kanta, ta tsaya a bakin rumfar Masta da mayafinta a kafaɗa.

“Masta, ka duba mini agogon zafin nan,” in ji ta. “In ya mutu, laifin mota ne, a canza shi. In kuwa yana aiki, to direba ne bai duba ba, kuma ni ba zan bar makullina a hannun mai barci da ido biyu ba.”

Sidiku yana tsaye a bayanta, ya sunkuyar da kai. “Wallahi Hajiya, ni ban gani allura ya hau ba,” ya ce a hankali.

Masta ya karɓi makulli ya hau kujera, yadda ya saba. Yana zama ya ji abin da ba daidai ba. An tura kujerar baya har ƙarshenta, shi da yake dogo ma sai da ya miƙe ƙafa kafin ya taka birki. To me gajeren mutum kamar Sidiku ke yi da kujera a can? Ya leƙo ta taga, ya ga Sidiku ya fito da wayarsa don duba wanda ke kira, ya miƙa hannu da ita can nesa da fuskarsa yana ƙanƙance ido. Nan Masta ya gane. Idon tsufa ne ya zo wa mutumin: na nesa yana gani sarai, na kusa ya zama hazo. Yana ja da baya ne don allurar agogon ta fito masa, kuma har ta daina fitowa.

Ya gwada agogon, lafiyarsa ƙalau. Yanzu fa magana ta rage a bakinsa. In ya ce agogo ya mutu, ya yi ƙarya. In ya ce lafiya lau yake ya yi shiru, ya raba mutum da abincin iyalinsa. Kuma kowa ya san halin tasha: ranar da aka ga direba da tabarau a hanci, ranar za a fara cewa ya ƙare, ko da idonsa ya fi na shaho a kan titi. Shi ya sa Sidiku ya gwammace ya yi ta miƙa ƙafa da ƙyar a kan ya faɗa wa kowa.

Masta ya sauko ya ce, “Hajiya, agogon yana aiki. Amma inda aka sa shi ba ya yi wa direba amfani a kan dutse. Ki bar mini motar da direban na ɗan lokaci, akwai abin da nake so in gwada.”

Ba ta so ba, amma ta san Masta ba ya faɗin abin da babu. Ta ce ta ba da dama ɗaya, ba biyu ba.

Da ta tafi, Masta bai ce wa Sidiku komai game da ido ba. Ya nuna wata motar gawayi da ke can ƙarshen tasha, ya ce, “Ɗan’uwa, karanta mini lambar waccan, idona ba ya kai wa.” Sidiku ya karanta tsaf. Sai Masta ya miƙa masa wani ƙaramin fis na wutar mota ya ce ya duba abin da aka rubuta a jikinsa. Sidiku ya juya shi, ya sake juyawa, ya ajiye.

“Kar ka faɗa ma Hajiya,” in ji Sidiku.

“Ba ni zan faɗa ba. Amma sai ka je Tamale likitan ido ya duba ka. In ya ce na nesan ma ya taɓu, ni da kaina zan ce ka sauka, don ba zan sa hannu a kashe mutane ba. In ya ce lafiya, ka bar mini sauran.”

Likita ya ce ganin nesa babu abin da ya same shi. Ya ba shi tabarau na karatu, Sidiku ya cusa shi can ƙasan aljihu kamar abin sata.

Tunanin Masta mai sauƙi ne a baki: tunda idon mutumin yana kan hanya, a kai masa agogon kan hanya. Ya taɓa ganin irin wannan a wata motar alfarma da ta ratsa Yendi, lambobi suna yawo a jikin gilashin gaba. Ya samo ɗan allon lambobi masu haske daga wani mataccen firjin masu kifi, ya haɗa shi da wayar da ke auna zafin inji, ya kwantar da shi a gaban sitiyari yana kallon sama don gilashin ya ɗauki hoton. Hoton ya fito kuwa, amma a kife, kamar rubutun da aka duba a madubi. Masu faci suka taru suna dariya, wani ya ce Masta ya ƙera agogon da sai jemage ne zai iya karantawa.

Da rana ta take, lambobin suka ɓace gaba ɗaya. Ya yanka gwangwanin madara ya shafa masa baƙin fenti ya yi musu rumfa. Sai kuma ya ga kowace lamba ta zama biyu, don gilashin mota ninki biyu ne. Ya manna ɗan yankin baƙar ledar da ake sa wa tagogi, wannan ta warware. Amma kifewar tana nan, kuma ko da Sidiku ya zauna ya gwada, lambobin sun yi masa kusa, hazon bai tafi ba.

Maganin yana ɗakin matarsa. Wata safiya ya ga Memuna tana sa kwalli da ɗan madubinta mai zurfin ciki, irin wanda ke ƙara wa fuska girma. Ya tsaya yana kallo har ta tsargu. Da ta shiga kicin, madubi ya bi shi rumfa. Ya sa lambobin su fara faɗawa a madubin kafin su kai gilashi. Juyi biyu ya miƙar da su daidai, zurfin madubin kuma ya tura su waje, suka zama kamar suna tsaye a iska can saman hancin motar, inda idon Sidiku yake da ƙarfi. Sidiku ya zauna, ya duba, ya karanta lambar da babbar murya. Sannan ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya jawo ta gaba, ƙafarsa ta zauna daram a kan birki.

Memuna kam ba ta yafe da wuri ba. Ta zo har rumfa ta ce, “Baban Nusrat, duk ƙarafan da ke Yendi ba su ishe ka ba, sai madubina? To lori ne zai sa kwalli yanzu?” Har yau in an taɓo zancen sai ta ce ita ce ta ƙera rabin abin, kuma babu mai gardama da ita.

Ga wata dabarar da mutane ba su lura da ita ba sai daga baya. Kafin motar Hajiya ta fita, Masta ya haɗa irin na’urar ya sa wa wani matashin direba mai son ƙyale-ƙyale. Yaron ya zaga tasha yana nuna wa kowa, ya raɗa mata suna “idon Masta”. Saboda haka ranar da aka ga lambobi a gilashin Sidiku, babu wanda ya ce kayan tsofaffi ne. Cewa aka yi tsoho ya bi yayi.

Tafiyar farko Hajiya Karimatu ta shiga gaban motar da kanta daga Bawku, don ta ce ba ta sayen kaya a cikin buhu. Suna tsakiyar hawan Nakpanduri, Sidiku ya sa sigina ya gangara gefe ya kashe mota.

“Me kuma ya faru?” in ji ta.

“Hajiya, ki duba gilas. Lamba ya hau.”

Ta matso ta leƙa ta inda yake kallo, ta ga lambar ta wuce inda Masta ya ce a tsaya. Suka jira injin ya huce, aka buɗe, sai ga tiyon lagireto ya tsage yana ɗigar da ruwa. Aka ɗaure, aka zuba ruwa, suka ƙarasa Yendi albasa ko ɗaya ba ta ɓaci ba. Hajiya ba ta yi dogon bayani ba. Da suka sauka, Sidiku ya miƙa mata makulli yadda aka saba a ƙarshen tafiya, ta ce ya riƙe, gobe akwai lodin doya a Kpandai.

Daga nan masu furfura suka fara zuwa rumfar ɗaya bayan ɗaya, daga Salaga, daga Bawku, har daga Pusiga. Kowa da hujjarsa. Wani ya ce yaransa ne suka matsa masa, wani ya ce don kwalliya yake so. Masta bai taɓa tambayar kowa dalili ba, illa dai ya hau kujera ya zauna, ya nuna wata mota a nesa ya ce a karanta masa lamba. Akwai waɗanda suka kasa, kuma waɗannan bai sa musu ba, ya zaunar da su ya gaya musu gaskiya mai ɗaci a inda babu mai ji.

Masta Sualihu, kai ne ka ga aibin mutum ka rufe shi ba tare da ka yi ƙarya ba, kuma wannan ya fi haɗa waya wuya. Kai ne mai gyaran da ke fara duba mai mota kafin mota. Ba a taɓa kiranka an ba ka lambar yabo ba, sunanka ba ya jikin ko ɗaya daga gwangwanayen nan da ke bin hanyar Yendi zuwa Bawku, amma akwai gidaje da yawa da tukunya ba ta sauka daga murhu ba saboda kai. Muna ƙaunarka a kan wannan, kuma ba ma jin kunyar faɗa.

Da ba don Sidiku ba, da wannan labari bai fito ba, domin Masta bai taɓa ba wa kowa shi ba. A walimar da direbobi suka shirya masa a gindin dalbejiyar, bayan an yi addu’a an raba shinkafa da wake, Sidiku ya miƙe ya faɗi komai, tun daga kujerar har zuwa fis ɗin da ya kasa karantawa. Hajiya Karimatu, wadda ta zo da sabon madubin kwalli a leda ta ba Memuna, ta juyo ta dubi Sidiku. Ta ce, “Da na sani a ranar, wallahi da na karɓe makullina. Da kuma na yi asarar direban da ban taɓa samun irinsa ba.”

Sai Sidiku ya sa hannu can ƙasan aljihu, ya fito da tabaran nan da ya ɓoye shekara da shekaru, ya ɗora a hanci a gaban duk tasha. Babu wanda ya yi dariya. Wasu dattawa biyu a bayan taron suka laluba aljihunsu su ma.

Mun gode, Masta. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya rufa maka asiri yadda ka rufa wa bayinsa, ya bar Memuna da madubinta. Ku kuma da kuka gaji rumfar, da duk wanda ake kawo wa abin wani ya gyara, kada ku yi saurin ɗaukar sifana. Ku karɓi makulli, ku hau ku zauna tukuna, ku ji inda mai motar ya ajiye kujerarsa.